Zaren Kaset: Abin da Kano Ta Naɗa, da Wahalar Karanto Shi



Bayan rasuwar kawuna, da aka zo kwashe kayan ɗakinsa a Fagge, an jawo wani kwalin sabulu daga ƙarƙashin gado, cike da kaset. Wasu na rakoda, wasu na bidiyo. Babu wanda ya ce a sa shi cikin lissafin gado. Aka ce in ɗauka, tunda ni ne mai son tarkace. A jikin kaɗan daga ciki an rubuta da biro: "Shata", "Tafsiri 3", "Biki". Sauran babu ko ɗigo. Inna ta ce tabbas a ciki akwai wanda kakarmu ta aiko daga Makka lokacin da take zaune can, ta yi wa 'ya'yanta magana da bakinta tunda ba ta iya rubutu ba. Na yi wata biyu da muryar kakata a ɗakina, ba ni da abin da zan ji ta da shi, ban ma san wanne ne a cikinsu ba.

Neman wannan muryar ne ya kai ni ga bin tarihin zaren kaset. Na kawo shi zauren nan ne saboda mu masu son rubuta tarihi da ƙagaggun labarai mun ɗauka madogara tana cikin littafi kawai. Alhali wani babban yanki na abin da Bahaushe ya faɗa, ya rera, ya yi wa'azi ko ya yi wasa da shi tsakanin 1970 da farkon shekarun 2000 bai taɓa hawa takarda ba. A zare yake.

Zaren ba wani abin mamaki ba ne. Siririyar roba ce aka shafe fuskarta da garin ƙarfe mai kama da tsatsa, wanda maganaɗisu ke iya juya shi. Idan zaren yana wucewa ta gaban kan na'ura, sai kan ya jera garin daidai da hawa da saukar murya. Ranar sauraro kuma zaren ya sake bi ta gaban kan, a karanto jerin. Wani injiniya mai suna Fritz Pfleumer ya yi wa dabarar rajista a Jamus a 1928, kamfanin AEG ya nuna na'urarsa a bainar jama'a a 1935. Ƙaramin kaset na rakoda da muka sani kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963. Na bidiyo kuwa Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976, kuma VHS ne ya ci kasuwa, har a nan Kano.

Kafin kaset, mai son kallo a garin nan sai ya fita bayan ganuwa. Silimar Rex ta buɗe a Sabon Gari a 1937, daga baya aka sami Eldorado a can, Plaza da Wapa a Fagge, Orion a Ƙofar Wambai. Wannan ba haɗuwar sa'a ba ce. Fagge tun asali zango ce, masaukin fatake da baƙi, Sabon Gari kuma Turawa suka yanka ta wa ma'aikatan da jirgin ƙasa ya kawo daga kudu. Duk abin da cikin birni yake ɗari-ɗari da shi, a nan yake fara sauka. Sai dai silima wuri ce ta maza, matar aure ba ta zuwa, yaron kirki ma a ɓoye yake zuwa. Kaset ne ya ɗauki kallon ya shigar da shi tsakar gida, har ɗakin amarya. A ganina wannan shi ne babban juyin, ya fi fitowar kowane jarumi muhimmanci, domin masu kallon da suka raya fim ɗin Hausa su ne matan da silima ba ta taɓa gani ba.

Rakoda ta riga bidiyo shiga gidaje. Waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya, waɗanda a da sai a rediyo ko faifan garmaho, suka koma abin da direban tasi zai sa a mota. Tafsirin Malam Abubakar Gumi da na Malam Nasiru Kabara da na Malam Isa Waziri suka zama abin da ake saya a bakin masallaci, a kai ƙauye, a kai Nijar da Gana. Aka yi muhawarar addini mai zafi ta hanyar kaset, wannan ya yi, wancan ya mayar da martani. Ga kuma irin na kakata, wasiƙar baki, wanda alhaji zai sako a jaka ya kawo.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu ke lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kaset na kasuwa. Mu marubuta muna da hannu tun daga tushe: Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim a 1994, wasu suka bi. Zuwa 1999, shekarar Sangaya, shekarar da mujallar Fim ta fara fita kuma aka raɗa wa masana'antar suna Kannywood, 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai sun zama su ne masu riƙe da akalar harkar.

Yadda cinikin yake ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya haifi matsalar da muke ciki yau. Furodusa ba ya buga dubban kaset. Kwalin da ake sa kaset a ciki yake bugawa, mai hoton jarumai, ya sayar wa 'yan kasuwa da lissafi. Su kuma su karɓi masta, su jera na'urorin bidiyo a shago a haɗe da juna, ɗaya tana karantawa sauran suna naɗa a kan sabbin kaset. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya bayyana wannan tsari a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya kuma nuna cewa hanyoyin da aka gina don kwafar finafinan Indiya da na Amurka su ne fim ɗin Hausa ya gada. To a irin wannan ciniki kwali ne kuɗi. Masta kayan aiki ne kamar allon ɗinki, a yi ta murza shi har ya gaji. Kuma zare ba kamar fayil ɗin waya ba ne da kwafi na ɗari yake daidai da na farko. Duk kwafi yana rage wani abu. Wanda aka kwafa daga kwafi launinsa ya fara zuba, na bayansa fuska ta yi dishi-dishi, murya ta shige hanci. Da yawa cikin tsofaffin finafinan da muke gani a YouTube jikokin masta ne ko tattaɓa-kunne, shi ya sa yaran yanzu suke zaton haka aka ɗauke su tun farko.

Sannan ga shafewa. A gindin kowane kaset akwai ɗan harshen roba. In ka karya shi, na'ura ba za ta yarda ta naɗi wani abu a kai ba. Duk wanda ya tashi a wancan zamani ya san maganin wannan: ɗan guntun salatif a rufe ramin, shi ke nan. Haka bikin yaya ya tafi a ƙarƙashin wasan ƙwallo. Kada mu ɗauka sakacinmu ne mu kaɗai. BBC ma ta shafe kaset ɗin shirye-shiryenta da yawa a shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da su, saboda zare yana da tsada. A 2013 aka sanar da cewa an gano kashi 9 na shirinta Doctor Who da suka ɓata, a ina? A wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos, cikin gwangwanayen fim da aka aiko tun tuni ba a mayar ba. Idan Landan sai da ta zo Jos neman nata, sai mu tambayi kanmu ina cikakken Samanja, ina Karkuzu, ina Kuliya, ina Karambana, kuma wa ya taɓa zama ya ƙirga abin da ya rage.

Mu koma kan kwalin kawu. Abu na farko da na koya shi ne mallakar kaset daban, iya karanta shi daban. Littafi in ka same shi bayan shekara 100, ido kawai kake buƙata. Kaset sai da na'ura irin tasa, mai lafiya, a saita ta daidai da yadda aka naɗe shi. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya suka yi gargaɗin cewa daga wajajen 2025 karanta irin waɗannan zaruruwa zai yi wuya ƙwarai, ba don zaren zai narke a rana ɗaya ba, sai don na'urori da kayan gyaransu da masu gyaran suna ƙarewa.

Na ga haka da idona. Na fara da titin Beirut, samarin da ke sayar da waya suka yi ta dariya, ɗaya ya tambaye ni ko gidan tarihi zan buɗe. Wani dattijo ya kwatanta min wani mai gyara a cikin Sabon Gari, mutumin kudu, wanda ya shekara sama da 30 yana gyaran bidiyo kafin ya koma gyaran talabijin na bango. Hausarsa ta fi ta wasunmu. A bayan shagonsa na'urori ne jibge har rufi, yana cire belin wannan ya sa wa waccan. Na miƙa masa kaset na ce, "Oga, a sa mu gani." Ya ɗaga murfin gaban, ya nuna min wani farin abu kamar gari a gefen zaren, ya ce, "Malam, wannan fumfuna ce. In na sa shi haka, zai kashe min kai, kuma duk kaset ɗin da ya biyo baya ya kwashi cutar." Ya ware irin waɗannan gefe guda. Sauran ya ce kada a kunna su kai tsaye, sai an tura zaren har ƙarshe an tariyo shi, domin ya daɗe a naɗe wuri ɗaya, yana iya mannewa.

Zafi da danshi su ne abokan gabar zare, mu kuwa muna da zafin bazara mai haura digiri 40, ga danshin Agusta, ga ƙurar hunturu. Manyan zaruruwan gidajen rediyo da talabijin suna da wata cuta ta daban: gam ɗin da ya riƙe garin ƙarfen yana shan danshi ya yi kauri, zaren ya riƙa ƙara yana barin datti a kan na'ura. Ƙwararru kan gasa irin wannan a wata tanda ta musamman mai ɗumin digiri 50 da 'yan kai, na sa'o'i masu yawa, su samu damar karanta shi. Kada wani ya ji haka ya kai kaset ɗin babansa murhu.

Bayan na'ura sai saiti. A nan na ɓata kwana uku. Ana sayar da wata 'yar na'ura mai kama da fulash, gefe ɗaya ta shiga kwamfuta, ɗaya gefen ta karɓi wayoyin nan uku, rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. Na haɗa, na buɗe manhajar OBS Studio wadda kyauta ce, sai hoto ya fito fari da baƙi yana tsalle. Na ɗauka kaset ne ya mutu. Ashe manhajar tana kan tsarin Amurka, NTSC, mai layi 525 da hoto kusan 30 a daƙiƙa, mu kuwa tsarinmu PAL ne, layi 625 da hoto 25. Ina sauyawa launi ya dawo. Kaset ɗin da aka naɗo a Saudiyya kuma wani yakan zo da tsarin SECAM irin na ƙasashen Larabawa, sai na'ura mai cin kowane tsari. Akwai batun gudu: kaset mai lamba E-180 sa'a 3 ne a gudun da aka saba, amma masu tattali kan naɗa a rabin gudu ya ɗauki sa'a 6, kuma ba kowace na'ura ke karanta wannan ba. Akwai maɓallin daidaita layi, wanda ke kore farin yayin da ke ratsa hoto. A rakoda ma mai gyaran ya nuna min wani ɗan kusa a gefen kan, ana juya shi kaɗan-kaɗan ana saurare, sai ka ji muryar da take kamar daga cikin rijiya ta fito tangaran, domin kan rakodar da ta naɗa tun farko a ɗan karkace yake. Sauti na ɗauke shi da manhajar Audacity, na ajiye a WAV. Wanda za a tura wa dangi a WhatsApp kwafi ne na biyu, don WhatsApp matse abu yake yi.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da matsala ta uku. Zare layi ne. Ba ya da shafi, ba ya da babi, ba ka tsallaka tsakiya sai ka bi ta kan abin da ke gabansa. Kaset na sa'a 3 sa'a 3 zai ci kafin ya shiga kwamfuta, in wuta ta ɗauke a tsakiya ka koma farko. Kuma shi kansa bai san abin da ke cikinsa ba. Sanin yana jikin takardar da aka manna, ko a kan mutumin da ya naɗa. Takardar ta goge, mutumin ya rasu.

Masu kwamfuta sun sha wannan wahalar tun kafin mu. UNIVAC ta fara ajiye bayanai a zare a 1951, IBM ta biyo a 1952. A manyan ɗakunan kwamfuta na wancan lokaci akwai ma'aikaci wanda aikinsa ke nan: saƙo ya fito cewa ana son faifan zare mai lamba kaza, ya je kanta ya ɗauko, ya ɗora a na'ura da hannu. Kalmar da suke amfani da ita, mount, ma'anarta ɗorawa, ita ce har yau ake faɗa idan kwamfuta ta karɓi fulash ta buɗe shi, ko da yake babu mai ɗora komai. Su ma suna da nasu harshen robar, wani zobe da sai an sa shi a bayan faifan kafin a iya rubutu a kai. Umarnin tar da aka sa a tsarin Unix a 1979, wanda masu Linux ke amfani da shi har gobe, an yi shi ne don jera fayiloli ɗaya bayan ɗaya a kan zare. In kana son na ƙarshe, ka jira a wuce na gabansa. In kundin da ya lissafa abin da ke kowane faifai ya ɓata, ka zama ni da kwalin kawu.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne zare bai mutu ba a duniyar kwamfuta. Bankuna da manyan kamfanoni da cibiyar binciken CERN da ke Turai suna ajiye bayanansu a wani kaset mai suna LTO, saboda yana da arha, ba ya cin wuta in yana kan kanta, ɓarawon intanet kuma ba ya isa ga abin da ba a jone yake ba. Na farkonsa a 2000 yana ɗaukar gigabayit 100, na tara da ya fito a 2021 yana ɗaukar terabayit 18. A 2010, da zuwan na biyar, aka fito da tsarin LTFS, wanda ya raba zaren gida biyu: ƙaramin gida na fihirisa, babba na bayanan. Ka sa manhajar, ka shirya kaset ɗin da ita sau ɗaya, ka nuna mata na'urar da kuma jakar da kake so ya bayyana a ciki. Daga nan duk lokacin da aka ɗora shi, sai ta fara karanta fihirisar, sunayen fayiloli su fito kamar na fulash. Zaren yana nan a layinsa, sai an jira ya zagayo wurin, kuma in ka goge fayil wurinsa ba ya dawowa sai an sake shirya kaset ɗin gaba ɗaya. Amma aƙalla kaset ya san abin da ke cikinsa. Kusan shekara 60 aka yi kafin a kai ga haka. Duk da haka ba su tsira daga matsalar na'ura ba: na'urorin LTO ba sa karanta fiye da tsara ɗaya ko biyu a baya, dole duk bayan wasu shekaru a kwashe komai a mayar kan sabo.

Namu kaset ɗin ba za su taɓa samun irin wannan fihirisa daga manhaja ba. Kwamfuta za ta kwafi hoton biki, amma ba za ta ce wannan gidan a Fagge yake kafin a rushe shi a yi shaguna ba, ba za ta san makaɗin ba, ba za ta ce tsohuwar da ke gefe ita ce ungozomar unguwa ba. Wannan aikin mai alƙalami ne, kuma irin aikin da ke gyara alƙalamin. Wanda ya zauna ya rubuta maganar minti goma ta wata tsohuwa kalma bayan kalma zai gane yadda tattaunawar da muke sa wa tsofaffi a littattafanmu take da ƙarancin gishiri. Na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, na ba kowane kaset lamba, na rubuta lambar a jikinsa da a sunan fayil, a ƙasa kuma minti kaza zuwa kaza ga abin da ke ciki, ga wanda ya shaida min. Fayilolin suna wuri biyu, ɗaya a gidana ɗaya a gidan ƙanwata a Gwale. Duk wanda ya ga abin da gobarar Maris 2016 ta yi wa kasuwar Sabon Gari ba zai tara komai a ɗaki ɗaya ba. Kaset ɗin ma ban zubar ba, suna tsaye a kanta nesa da taga.

Muryar kakata tana cikin lamba 23, wanda aka rubuta wa "Shata". Fuskar farko Shata ne har ƙarshe. A ta biyu ma shi ne, sai wajen minti na 19 kiɗan ya yanke, aka ji ƙarar fanka, sai ga ta a tsakiyar magana. Da na duba gindin kaset ɗin, ga busasshen salatif a kan ramin. Allah ya jiƙan kawu, ya naɗi waƙa a kan wasiƙar mahaifiyarsa, abin da ya tsira minti 11 ne. Tana lissafa wanda za a ba zani da wanda za a ba dabino, tana faɗan a daina barin yara suna zuwa Plaza, tana tambayar lafiyar wata mata da ta kira da wani laƙabi da ban taɓa ji ba.

Na kai wa Inna a waya. Ta saurara sau biyu ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ɗan nan, ɗauko biro." Laƙabin na maƙwabciyarsu ce mai sayar da fura, wadda ta shayar da kawu lokacin da kaka ta yi jinya. Ta faɗi shekarar da aka aiko kaset ɗin ta hanyar lissafa haihuwar yayata, ta faɗi alhajin da ya kawo shi. Na cika shafi biyu. Saura kaset 14 na bidiyo masu fumfuna a shagon mai gyara, ya ce in dawo bayan sallah in ya sami na'urar da zai sadaukar musu.